Akwatin da ya shanye fakitin danshi cikin mako uku: nazarin wani lamari

Akwatin katako ne mai cin kara 100 na siga, da gilashi a murfinsa, an kuma huda gabansa an dasa ma'aunin danshi mai allura. Mai shi ya same shi sabo fil, a ranar ya zuba masa kara 70, ya jefa fakitin danshi biyu, 'yan jakunkunan da ke daidaita danshin iskar akwati, masu nauyin giram 60 waɗanda aka buga wa lamba 69 a jiki, wato matakin danshin da ake so su tsayar, ya rufe. Bayan mako uku fakitocin suka sandare ƙam. Ya sa wasu biyu, su ma ba su yi wata guda ba. Duk wannan lokaci allurar ma'aunin tana tsaye wajen 70, amma in ya ɗauki kara ya ɗan matsa shi tsakanin yatsu sai ya ji yana ƙaras-ƙaras, in ya yanke kan sai ganyen waje ya tsage ya warware.

Siga, ga wanda bai saba da ita ba, ita ce tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganye zalla, ba takarda ba audugar gindi irin ta sigari. Hawa uku gare ta: ganyen ciki, ganyen ɗauri, da ganyen waje wanda shi ne mafi laushi kuma mafi tsada. Lafiyayyar siga tana ɗauke da ruwan da ya kai wajen kashi 12 zuwa 14 cikin 100 na nauyinta. In ya ragu sai ta ci wuta da sauri, ta yi ɗaci da zafi a baki. In ya yi yawa sai ta kumbura, ta ƙi zuƙuwa, ta riƙa mutuwa. Adana ta da kyau dai ba ya rage ko ƙwayar zarra daga illar da hayaƙinta ke yi wa jiki, wannan magana ce daban kuma tabbatacciya. Abin da ke gabanmu a nan shi ne kaya masu tsada da suke lalacewa a hannun mai su.

Da mutumin ya zo mini da akwatin, hukuncinsa a yanke yake. "Malam, fakitocin nan jabu ne, ko kuma dai talla ce kawai," in ji shi. Ni kuwa tun daga jin bayanin na fi zargin akwatin da ma'aunin, domin fakitin da ya sandare da wuri shaida ce ya yi aikinsa, ya ba da duk ruwan da ke cikinsa. Tambayar ita ce wa ya sha ruwan.

Abin da ke cikin fakitin

Babu wani siddabaru a ciki. Ruwa ne da gishiri da abin kauri da ke haɗa su su yi kirtif, a rufe cikin wani tantani da tururin ruwa ke ratsawa amma ruwan kansa ba ya fita. Masana kimiyya sun daɗe da sanin cewa ruwan da aka narka wa gishiri har ya ƙoshi, wato ya kasa narkar da ƙari, yana tsayar da danshin iskar da ke kewaye da shi a wani mataki na musamman in an rufe su tare. Gishirin girki yana tsayar da shi a kashi 75 cikin 100 na iyakar tururin da iskar za ta iya ɗauka. Wasu gishirin na daban suna tsayar da shi ƙasa da haka ko sama. Da haɗa irin waɗannan ake samun fakiti mai lamba 62, 65, 69, 72, 75 ko 84. In iskar akwatin ta faɗi ƙasa da lambar, fakitin ya saki tururi. In ta haura, ya tsotse. Shi ya sa ake ce masa mai aiki ta fuska biyu, kuma da wannan ya bambanta da tsohuwar hanya ta soso da ruwa, wadda bayarwa kawai ta sani.

Kamfanin da ya fi shahara da su shi ne Boveda na jihar Minesota a Amurka, wanda ya fara a 1997 da sunan Humidipak. Akwai wasu irinsu, misali Integra Boost da ke amfani da gilisirin maimakon gishiri. Fakitocin wannan lamari na gishiri ne, kuma ƙa'idar da masu yin su suka gindaya a sarari take: fakiti ɗaya mai giram 60 ga kowane kara 25 da akwatin zai iya ɗauka. Abin lura shi ne girman akwatin ake ƙirgawa, ba yawan sigar da ke ciki ba. Akwati mai cin 100 fakiti huɗu yake so ko da kara goma ne a cikinsa. Mutumin ya sa biyu, rabin abin da ake bukata ke nan. Wannan kuskure ne na farko, amma shi ne mafi ƙanƙanta.

Ina ruwan ya tafi

A nan ne lamarin ya fi ban sha'awa, domin lissafi kaɗan yana warware shi. Mutane suna zaton iskar cikin akwatin ita ce ke shan ruwa, har wasu suna tsoron buɗe murfi. Iska ba ta riƙe wani ruwan kirki. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, mita ɗaya ta kowace fuska ta iska, wato lita 1000, giram 17 kacal take iya ɗauka in ta cika maƙil. Akwati irin wannan cikinsa bai wuce lita goma da 'yan kai ba, saboda haka duk ruwan da ke iskarsa a danshi 70 bai kai rubu'in giram ba. Ko da an buɗe shi kullum an kore iskar gaba ɗaya, ba zai ƙarar da fakiti biyu cikin mako uku ba.

Katako shi ne mai ƙishirwa. Cikin akwatin an shimfiɗe shi da katakon da 'yan sana'ar ke kira sidar Sifen, ko da yake ba daga Sifen yake zuwa ba. Itacen Cedrela odorata ne, ɗan gidan madaci da mahogani, yana fitowa a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. An zaɓe shi ne saboda yana shan danshi ya riƙe ba tare da ya lanƙwashe sosai ba, ƙanshinsa kuma yana tafiya da na taba. Katakon da ya zauna a iska mai danshi 40 yana ɗauke da ruwa wajen kashi 8 na nauyinsa. In aka kai shi iska mai danshi 70, ba zai natsu ba sai ruwansa ya kai wajen kashi 13. Ke nan kowane kilo ɗaya na busasshen katako zai sha kimanin giram 50 na ruwa kafin ya daina jan danshi. Shimfiɗar ciki, da tiren sama, da allunan raba wuri, duk suna cikin lissafin. Fakiti mai giram 60 kuwa ba duka ne ruwa ba, da gishiri a ciki. Sai ga shi katakon kaɗai ya isa ya kwashe kaso mai tsoka na abin da fakiti biyu ke da shi.

Da fakitin ya gaza, katakon bai haƙura ba, ya koma kan sigar. Kara 70 masu matsakaicin girma nauyinsu ya tasam ma giram 800, ruwan da ke cikinsu wajen giram 100. Su ne suka zama tafkin da katakon ke ɗiba. Mutumin ya sayi akwati don ya kare sigarsa, akwatin kuwa ya wayi gari yana shan ta.

Sai kuma yoyo, wanda shi ne ba ya ƙarewa. Katako yana ƙoshi wata rana, amma akwatin da iska ke shiga tana fita ba ya taɓa ƙoshi. Mun yi gwaji biyu masu sauƙi. Na farko, muka saka tsinken takarda a bakin akwatin muka rufe murfi a kanta muka ja. Ta gefen hagu da baya ta cije, ta gaba kuwa ta zare salin-alin ba wani tirjiya. Na biyu, muka kunna ƙaramar tocila muka sa a ciki, muka lulluɓe gilashin da baƙin ƙyalle, muka kashe fitilar ɗaki. Wani siririn zaren haske ya fito ta kewayen ramin da aka dasa ma'aunin, wani kuma ta kusurwar murfi. Da muka danna gilashin da yatsa sai ya ɗan motsa a mazauninsa, alamar ba a liƙe shi ba, an dai zura shi ne cikin tsagi. Ɗakin da akwatin ke zaune na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a cikinsa yawancin yini, ita kuma tana matse ruwan iska tana zubarwa waje. Ƙara fakiti a irin wannan hali zuba ruwa ne a kwando.

Maganin da ya fi cutar muni

Da a nan ya tsaya da barnar ba ta kai inda ta kai ba. Kafin ya zo wurina ya sayi ma'auni na lantarki ya sa a ciki, ya ga 58. Hankalinsa ya tashi. Ya samo fakiti mai lamba 84 ya ɗora kai tsaye a kan sigar, ya ƙara ɗaya mai 72, ya bar tsofaffin masu 69 a ciki, sannan ya jiƙa soso da ruwan famfo ya ajiye cikin murfin kwalba a kusurwar ƙasa. Washegari ma'aunin ya nuna 74, ya ce alhamdu lillahi an warke.

Ma'auni iska yake aunawa, ba taba ba. Iska tana sauyawa cikin sa'a guda, amma cikin kara mai kauri sai ya yi makonni kafin ya daidaita. Cikin kwana goma sigar da ke kusa da soson ta sha ruwa ta bakin da ake kunnawa, ganyen ciki ya kumbura, ganyen waje da ya riga ya bushe ya kasa buɗawa, sai ya fashe daga ƙasa zuwa sama. Waɗanda aka naɗe da ganyen Kamaru da irin na Konetikat, wata jiha a Amurka, wanda ake nomawa a inuwa, su suka fi jin jiki, domin ganyensu sirara ne. Na kan tiren sama kuwa har lokacin a bushe suke. Garin neman gira aka tashi rasa ido.

Haɗa lambobi daban-daban a akwati ɗaya ma ɓata fakiti ne kawai. Mai 84 zai yi ta saki, mai 69 ya yi ta tsotsa, ruwa na tashi daga wannan aljihu zuwa wancan, danshin akwatin kuma ya tsaya a wani wuri da ba wanda ya zaɓa. Mai lamba 84 ba a yi shi don zama da siga ba sam, na shayar da katako ne a akwatin da babu komai. Ruwan famfo kuma yana zuwa da nasa ma'adinai da ƙwayoyin halitta, shi ya sa duk inda ake bukatar ruwa a wannan harka, wanda aka tafasa aka tara tururinsa ake amfani da shi.

Na ɗauki kara ɗaya daga kusurwar soson na kai shi kusa da taga. A jikin ganyen akwai ɗigo-ɗigo farare masu gashi-gashi, ba a baje suke ko'ina ba, sun taru gungu-gungu, biyu daga ciki sun fara komawa shuɗi-shuɗi. Da na juya bakinsa sai ga farin zare ya ratsa tsakanin ninkin ganyen ciki. Warin ɗaki mai laima ya danne ƙanshin tabar. Mai akwatin ya ce ya ji ana cewa farin gari a jikin siga alamar ta tsufa da kyau ce, man ganyen ne ke fitowa. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai tsakanin masu shan siga, amma ra'ayina shi ne duk farin abin da ya tsiro a jikin siga bayan an jiƙa akwati, a ɗauke shi fumfuna. Wanda ya tsaya a ganyen waje ana iya goge shi da busasshen ƙyalle mai laushi a ware karan a sa masa ido. Wanda ya shiga ta baki ba shi da magani. Kara tara muka zubar.

Awo kafin komai

Ba mu taɓa akwatin ba sai da muka san wanne ma'auni ne ke faɗin gaskiya. Gwajin gishiri muka yi, wanda kowa zai iya. A cika murfin kwalba da gishirin girki, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe ya yi dunƙule amma kar ya narke, a sa shi tare da ma'aunin cikin leda mai zif ko mazubi mai rufuwa ruf, a bar su kwana ɗaya a inda zafi ba ya hawa da sauka. Ma'auni mai gaskiya zai nuna 75. Na lantarkin ya nuna 73, wato yana rage biyu, muka rubuta "a ƙara 2" a takarda muka manna a bayansa. Mai allurar ya nuna 87. Ashe duk makonnin da yake nuna wa mai shi 70, gaskiyar abin da ke ciki wajen 58 zuwa 60 ne. Irin waɗannan ma'aunai da ke zuwa manne da akwati galibi ado ne, kuma in ba a gwada su ba gara a ce babu su, domin wanda ba shi da ma'auni yakan taɓa sigarsa da hannu ya ji, mai ma'aunin ƙarya kuwa ya saki jiki.

Sauran kara 61 muka raba su gida biyu, jiƙaƙƙu da busassu, kowane rukuni a mazubin roba mai robar liƙi a bakin murfi. Jiƙaƙƙun muka sa musu fakiti mai 65, aikinsa a nan tsotsa ne. Busassun muka fara musu da 62 na mako biyu, sannan 65. Dalilin hawa a hankali shi ne a ba ganyen waje lokaci ya yi laushi tare da na ciki, kar ɗaya ya riga ɗaya. Duk bayan 'yan kwanaki ana buɗewa a juya su, na ƙasa su koma sama. Ledar da ke jikin wasu ba mu cire ba, domin selofen da ake yin ta da shi tururi yana ratsa shi a hankali, wanda a wannan hali alheri ne. Dole in faɗi abin da na faɗa wa mai su: laushi zai dawo, amma sigar da ta daɗe a bushe wani ɓangare na man ganyenta ya riga ya tafi, ɗanɗanonta ba zai koma daidai yadda yake ba. Nasa sun yi wata biyu ne kawai cikin wahala, saboda haka asarar ba ta yi tsanani ba.

Gyaran akwatin

An fitar da komai, aka goge cikin da ƙyalle da aka ɗan taɓa wa sifirit na asibiti marar ƙanshi, musamman kusurwar da soson ya zauna, aka bar shi a buɗe kwana biyu. Kewayen gilashin da ramin ma'aunin aka bi su da silikon irin wanda ake liƙe gidan kifi na gilashi da shi, aka bar warinsa ya fita sarai kafin a rufe, domin taba ba ta jin wari ta ƙyale. Gaban murfin da takarda ta zare aka manna masa siririyar robar liƙi. Katakon ciki ba a shafa masa fenti ko mai, ba a kuma goge shi da jiƙaƙƙen tsumma don a gaggauta shayar da shi, ko da yake wasu na yin haka. Ruwa kai tsaye yana tayar da gashin katakon, wani lokaci ya lanƙwasa shi, murfin da ake so ya zauna daidai ya ƙara baudewa.

Sannan aka yi abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Fakiti huɗu masu lamba 84 a cikin akwatin da babu siga, aka rufe, kwana 14 ba a buɗe ba. Mai akwatin ya ƙosa a kwana na biyar da ya hango ma'auni ta gilashi yana nuna 80. "Ai ya isa haka, Malam, ko?" Na ce masa a'a, yallaɓai, iska ce ta kai 80, katakon yana nan yana sha. Ranar da aka buɗe, fakitocin da suka shiga da taushi sun fito sun yi sirara, gefensu ya fara tauri. Aka cire su, aka sa huɗu masu 69, aka bar akwatin kwana uku babu komai don a ga inda zai tsaya. Ya tsaya tsakanin 66 da 67. Wannan daidai ne ga akwatin katako, domin ko mafi kyawunsa yana ɗan numfashi, yakan zauna maki biyu ko uku ƙasa da lambar fakitin. A mazubin roba kuwa abin da aka rubuta a fakiti shi ake gani.

Abin da fakiti ba ya iyawa

Ana tsakiyar wannan jinya sai wata matsala ta ɓullo wadda ba ruwanta da danshi. Wajen juya busassun sigar, aka ga kara ɗaya da huda zagayayya tsaf, girman kan allura, kusa da zoben takardarsa. Da aka ƙwanƙwasa bakinsa a kan farar takarda sai gari mai launin ƙasa ya zubo. Ƙwaron taba ne, Lasioderma serricorne, ɗan mitsitsi mai tsawon milimita biyu zuwa uku. Ƙwansa yana iya zuwa a cikin ganyen tun daga masana'anta ya kwanta shiru. Zafi ne ke tashinsa. Tsutsar ce ke cin ganyen daga ciki, hudar da ake gani kuwa ƙofar da ta fita ce bayan ta zama ƙwaro.

Ma'aunin lantarkin yana ajiye mafi girman zafin da ya gani, da muka duba sai ga digiri 28. Kantar da ake ajiye kayan tana kusa da taga, kuma da an kashe na'urar sanyaya ɗaki sai wurin ya ɗau zafi. Kamfanin Habanos, mai sayar da sigar Kyuba a duniya, yana ba da shawarar a ajiye ta a digiri 16 zuwa 18 da danshi 65 zuwa 70. A Amurka an fi jin ƙa'idar saba'in da saba'in, wato danshi 70 da zafi 70 a ma'aunin Faranhait, wanda ya yi daidai da digiri 21. Fakiti ba ya sanyaya komai. Hawa da saukar zafi ma suna wahalar da shi, domin iskar da ke ɗaukar giram 17 a digiri 20 tana ɗaukar giram 30 a digiri 30, saboda haka da rana yana faman saki, da dare yana faman tsotsa.

Karan mai huda aka jefar. Sauran na mazubinsa aka zuba su a leda mai zif ninki biyu, aka matse iskar, suka kwana ɗaya a firji, suka yi kwana uku a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, suka sake kwana ɗaya a firji, sannan aka bar su a ɗaki cikin ledar har suka huce kafin a buɗe. Sanyin yana kashe ƙwai da tsutsa, matakan firjin kuma don kar ganyen ya fashe ne da sauyin gaggawa. Fakiti ba ya bin su cikin firiza. Firji kuma ba ma'ajiyar siga ba ce ta dindindin, iskarsa busasshiya ce ƙwarai. Akwatin aka sauya masa wuri zuwa ƙasan kabad a ɗakin da rana ba ta bugunsa.

Lamba nawa, kuma yaushe ake sauyawa

Da sigar ta koma akwati bayan mako shida, sai gardamar lamba ta taso. Mai akwatin yana son 72, har yanzu tsoron bushewa bai sake shi ba. Na hana shi. Yawancin kayansa na Nikaragwa ne masu kauri da maiƙo, da 'yan Kyuba kaɗan waɗanda aka san su da matsattsen naɗi, kuma irin waɗannan sun fi cin wuta daidai a danshi 62 zuwa 66. Lamba 72 tana da amfani a akwatin da ke yoyo ko a wuri mai tsananin bushewa, inda za ta sauka ta zauna wajen 68. A akwatin da aka toshe, ga kuma tarihin fumfuna, kusantar 72 neman magana ne. Aka tsaya a 69, fakiti biyar maimakon huɗu. Yawan fakiti ba ya sa danshi ya wuce lambarsa, sai dai ya raba musu aikin su daɗe. Biyu a ƙasa, biyu a tire, ɗaya a maƙale a murfi. Taɓa sigar da suke yi ba ya cutar da ita matuƙar tantanin bai huje ba, kuma ba a yanka fakitin ko a ɓare takardar jikinsa, ledar waje kawai ake cirewa.

Dabarar da na fi so in ga kowa ya ɗauka daga wannan lamari ita ce ta sikeli. Kafin a sa kowane fakiti, a ɗora shi a ƙaramin sikelin giram, a rubuta nauyinsa da kwanan wata a jikinsa. Bayan wata guda a sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne ruwan da akwatin ya ci, kuma wannan awo ba ya dogara da ma'aunin da zai iya yin ƙarya. A watan farko bayan gyara, kowane fakiti ya rage wajen giram huɗu. Na mazubin roba da aka bari da 'yan ragowar siga ko giram ɗaya bai rage ba. In wata rana raguwar ta ninka ba tare da yanayi ya sauya ba, liƙin ya saki ke nan a wani wuri, tun kafin sigar ta nuna alama. A akwatin katako mai kyau fakiti yakan yi wata biyu zuwa huɗu, a mazubi mai rufuwa ruf yakan haura wata shida. Da hannu ma ana ganewa: sabo yana da taushi ko'ina, in ya fara tsufa kusurwoyi su yi tauri a ji tsakuwa-tsakuwa a ciki, in taushin ya rage ɗan kaɗan a tsakiya lokacin sauyawa ya yi. Waɗanda ba a buɗe ba a bar su cikin ledarsu, waɗanda aka buɗe ba a bukata a sa su a leda mai zif, in ba haka ba ɗakin gaba ɗaya za su yi ta ƙoƙarin jiƙawa.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ko sandararrun fakitocin nan huɗu za su farfaɗo. Masu yin su sun ce a jefar a sayi sabo. Masu amfani da su da yawa kuwa suna farfaɗo da su: a sa fakitin a mazubi mai rufuwa tare da ƙaramin kofi na ruwan tururi, ba tare da ruwan ya taɓa shi ba, a bar shi kwanaki ya tsotsi danshi da kansa. Tunda fakitin mai aiki ta fuska biyu ne, hanyar tana aiki, amma da sharuɗɗa. Gishirin da ya daskare yana da kaifi, in aka lanƙwasa busasshen fakiti don a ji taurinsa yana iya huda tantanin daga ciki, ruwan gishiri kuma in ya zuba a kan siga ta tashi daga aiki. In kuma aka bar shi ya sha fiye da kima har duk gishirin ya narke, ba zai ƙara riƙe lambarsa daidai ba, kuma ba shi da sauran wurin tsotsa. Nan ma sikeli ne ke raba gardama, a tsayar da shi da zarar ya dawo nauyinsa na asali. Tsoma fakiti cikin ruwa kai tsaye ba na goyon bayansa, yana lalata takardar waje ya kuma gayyato fumfuna.

Daga cikin huɗun, biyu na farko ya riga ya lanƙwasa su sau da yawa, ɗaya har da farin tabon gishiri a gefen ɗinkinsa, aka zubar da su. Biyun na baya aka farfaɗo da su cikin mako guda, aka sa kowanne shi kaɗai a leda da ma'aunin da aka gwada na kwana ɗaya. Ɗaya ya nuna 69, ɗaya 71. Mai 69 ya koma aiki a jakar tafiya mai ɗaukar kara biyar, mai 71 kuma aka ware shi, ba a mayar da shi cikin babban akwatin ba.